Layin Tsohuwar Kwamfuta Yana Ba da Matsala: Rajistar Aukuwa, Ƙididdiga ko Kamun Fakiti?

Akwai kwamfutocin da suka shekara ashirin, wasu talatin, suna aiki a ɗakin da ba kowa ke shiga ba. Wata VAX ce ko Alpha ta kamfanin DEC mai tsarin aiki na VMS tana kula da injinan masana'anta, wata Sun ce mai Solaris tana riƙe da rumbun bayanai, wata kuma Windows NT ce da aka ƙyale ta saboda manhajar da ke kanta ba ta tashi a sabuwar kwamfuta. Irin waɗannan ba su cika mutuwa farat ɗaya ba. Ƙorafi ne ke fara zuwa: "layi ya yanke cikin dare, da safe ya dawo da kansa", ko kuma "fayil ɗin da ke wucewa cikin minti biyu yanzu sai ya ci rabin awa". Wanda aka kira ya duba yana da hanyoyi da dama a gabansa, amma da wuya ya samu lokaci da izinin girka su duka. Ko ya dogara da rajistar aukuwa ta na'urar kanta, ko ya tura rajistar zuwa wata saba ta daban, ko ya bi ƙididdigar layi da hannu ko ta SNMP, ƙa'idar da ke karanto ƙididdiga daga nesa, ko kuma ya dasa wata kwamfuta a gefe ta riƙa kama fakiti, wato ƙunshin bayanan da ke bin layi.

Tambaya ɗaya ce ke raba gardama kafin a zaɓa: layin yankewa yake yi, ko ɗingishi yake yi? Yankewa sauyin hali ne, abu yana aiki ya daina, kuma domin irinsa aka ƙirƙiri rajistar aukuwa. A ɗingishi kuwa layin yana nan a haɗe, fitilar kati tana ci, amma wasu fakitin suna lalacewa a hanya ana ta sake aiko su. A nan rajista ba za ta ce uffan ba. Kamar mai gadi ne da aka ce ya rubuta wanda ya shiga da wanda ya fita: zai rubuta har da minti, amma ba zai rubuta cewa wani ya shigo yana jan ƙafa ba, tunda ba a sa shi ba.

Rajistar da ke cikin na'urar

Zan daɗe a kan DECnet, tsarin sadarwar kwamfutocin DEC, domin tsarin rajistarsa ya fi na yawancin tsararrakinsa tsabta, kuma wanda ya gane shi sauran ba za su ba shi wuya ba. Kamfanin DEC ya fito da shi a tsakiyar shekarun 1970, kuma Phase IV, wanda ya zo a 1982, shi ne har yanzu ake tararwa a kan tsofaffin VAX da Alpha da yawa. Kowace aukuwa a cikinsa tana da lamba biyu, ta aji da ta iri. Aji na 0 na gudanar da sadarwar ne, aji na 4 na tsara hanya ne, kuma a aji na 4 ne mai neman matsalar layi zai fi zama. 4.10 na nufin da'ira, wato hanyar da na'ura ke magana a kan layi, ta tashi, 4.7 ta faɗi saboda lahani. 4.15 na nufin an ƙulla maƙwabtaka da wata na'ura, 4.18 maƙwabtakar ta tsinke. Idan ka ga 4.9 ko 4.19, ajiye awon waya ka je ka tambayi abokan aiki, domin waɗannan biyun cewa suke yi mutum ne ya ba da umarni aka sauke layin.

Kunna rajistar ba wuya. A cikin NCP, manhajar sarrafa DECnet, umarnin SET LOGGING MONITOR KNOWN EVENTS da SET LOGGING MONITOR STATE ON sun isa a VMS. Saƙonnin za su bi ta OPCOM, mai isar da saƙonnin tsarin, su sauka a OPERATOR.LOG, kuma wanda ya buga REPLY/ENABLE=NETWORK zai riƙa ganin su a allonsa suna fitowa. Sai dai a kula: SET na wucin gadi ne, da an sake kunna na'ura ya tafi. DEFINE ne ke rubuta shi a ma'ajiyar dindindin. Ba ƙaramin takaici ba ne a jira matsala mako guda, ta zo tare da sake tashin na'ura, a tarar rajistar a kashe.

Abin da ya sa nake fifita wannan hanya a matakin farko shi ne siffar da aukuwar ke fitowa da ita. A kan na'urar da ke aikin rauta, wato mai tura fakiti tsakanin layuka, idan 4.18 ta fito a kan maƙwabci ɗaya tak, sauran suna lafiya, to matsalar tana wajen wancan maƙwabcin: katinsa, wayarsa, ko ma shi kansa ya tsaya. Idan ta fito a kan dukkan maƙwabta cikin 'yan daƙiƙoƙi, to daga naka ɓangaren ne. Na'urar da ba rauta ba ce kuwa, rautar da take bi kaɗai take lura da ita, don haka rajistarta ba ta iya wannan tantancewar, gara a je a karanta ta rautar. Sai kuma 4.14, sauyin iya kaiwa ga wata na'ura. Ita wannan sakamako ce, ba sanadi ba. Layi ɗaya da ya faɗi yana iya haifo gommanta a jere, sabon shiga ya ɗauka gari ya kama da wuta. Haura sama ka nemo 4.7 ko 4.18 ta farko, sauran duk 'ya'yanta ne.

Akwai wani lissafi da ba kowa ke yi ba. A kan Ethernet, kowace na'urar DECnet tana aika gaisuwa duk bayan daƙiƙa 15, in ba a sauya saitin ba, kuma sai an yi ninki uku na wannan ba a ji ta ba, wato daƙiƙa 45, kafin a yanke hukuncin cewa maƙwabtaka ta tsinke. Ke nan lokacin da ke jikin 4.18 ba shi ne lokacin da layi ya mutu ba. Ya mutu tun daƙiƙa 30 zuwa 45 kafin nan. Wanda zai gwama da rajistar wata na'ura dole ya ja baya da wannan tazarar. Na biyu, kuma wannan ya fi ciwo, yankewar daƙiƙa 20 tana iya wucewa ba tare da ta bar ko layi ɗaya a aji na 4 ba, alhali masu aiki sun ga allonsu ya daskare.

Wata cutar rajista ita ce surutu. KNOWN EVENTS na nufin komai da komai. Idan akwai wata na'ura a layin da ke ta roƙon a ɗora mata manhajar tashi ta ƙa'idar MOP ba a amsa mata ba, 0.7 za ta cika fayil har ka rasa abin da kake nema. Ana cire ta da CLEAR LOGGING. Idan kuma saƙonnin suna zuwa ne kan tsohon konsol mai gudun bit 9600 a daƙiƙa, wanda bai wuce harafi 960 ba ke nan, ambaliyar aukuwa tana iya fin ƙarfinsa. DECnet dai yana da kirki a nan: idan ya zubar da wasu, yana rubuta 0.0 ya gaya maka an yi asara. Ba kowane tsari ke da wannan gaskiyar ba.

A ɓangaren Unix abin bai kai haka tsari ba. Solaris na zubawa a /var/adm/messages, HP-UX a /var/adm/syslog/syslog.log, AIX kuma yana da errpt nasa na daban. Saƙonnin jimloli ne da wanda ya rubuta direban kati ya ga dama ya sa, babu lambar da ta game kowa. Za ka ga kati irin hme0 na Sun ya ce layi ya faɗi, ya ce ya tashi, da gudun da ya tashi a kai, kuma wannan yana da amfani ƙwarai. Amma saƙon nan da ya fi kowane yawa, na cewa sabar NFS mai raba fayiloli ba ta amsawa ana ci gaba da gwadawa, kuka ne kawai, bai nuna inda ciwon yake ba. A Windows 2000 da XP, lambar 4202 daga Tcpip na nufin an rasa haɗin waya, 4201 ya dawo, 4199 wata na'ura ta ɗauki adireshin IP iri ɗaya, 6008 kuma kwamfutar ce kanta ta mutu ba shiri, ba layi ba. Tarkon da ke nan shi ne saitin asali na NT da 2000: girman rajista kilobayit 512, kuma ba a share abin da bai kai kwana 7 ba. In ta cika kafin kwana bakwai, sababbin aukuwar ne ake zubarwa. Fara da faɗaɗa ta.

Ƙididdiga, inda rajista ta yi shiru

Ga misalin da ya fi kowane maimaituwa a wannan aiki. An cire tsohon suwic, wato akwatin da wayoyin na'urori ke haɗuwa a jikinsa, an sa sabo. Alpha ɗin da ke maƙale a jikinsa tun shekarun baya wani ya ɗaure katinta daga konsol da ewa0_mode FastFD, wato megabit 100, aikawa da karɓa a lokaci guda, ba tattaunawa. Sabon suwic yana kan saitin tattaunawa. Ƙa'idar da ta zo da Fast Ethernet a 1995 ta ce idan ɗayan ɓangaren ba ya tattaunawa, za a iya gane gudunsa daga siginar, amma ba za a iya gane ko a tare yake aikawa da karɓa ba, don haka sai a koma tsarin bi-da-bi. Yanzu ɓangare ɗaya yana magana duk lokacin da ya so, ɗayan yana ɗaukar hakan a matsayin karo, yana katse abin da yake aikawa.

Layi bai faɗi ba. Gaisuwar DECnet ƙanana ce, tana wucewa. Ping, gwajin ko na'ura tana amsawa, yana wucewa lafiya lau. Rajista fes take. Amma da an fara kwafar babban fayil sai komai ya koma rarrafe. Wanda ya dogara da rajista kaɗai zai rantse layi ba shi da laifi, ya koma yana zargin faifan ajiya. Ƙididdiga kuwa cikin minti biyar za ta tona asiri, kuma da sa hannu mai kama suna: a ƙofar suwic, ɓangaren bi-da-bi, za a ga karon makara yana hauhawa, wato karon da ya auku bayan bayit 64 na farko sun riga sun fita. A ɓangaren Alpha za a ga kuskuren CRC, lambar da ake tantance lafiyar fakiti da ita, da guntayen fakiti. In ka ga wannan haɗin, ba sai ka kama fakiti ko ɗaya ba.

Karo shi kaɗai ba laifi ba ne a tsohuwar Ethernet ta waya ɗaya, haka aka gina ta. Karon makara ne ba a yarda da shi ba. A kan 10BASE2, ɗaya daga irin wannan Ethernet, yakan nuna an wuce tsawon mita 185 da aka iyakance ko wani kati ya lalace, kuma toshiyar ohm 50 da ta kwance a ƙarshen waya takan sa karo ya yi yawa har aikawa ta gagara. A layin siriyal mai ƙa'idar DDCMP ta DEC ƙididdigar ta ma fi daɗin karatu, domin ta raba kuskuren shigowa da na fita, ka san ta wace fuska layin ke da datti. Idan kuwa abin da ke hauhawa shi ne ƙarancin ma'ajiyar wucin gadi, to waya ba ta da laifi, na'urar ce ba ta iya kwashe abin da ke shigowa da sauri.

Umarnin kowa da nasa: SHOW LINE da SHOW CIRCUIT tare da COUNTERS a NCP, netstat -i a kusan kowace Unix, entstat a AIX, lanadmin a HP-UX, show interfaces a suwic ɗin Cisco. Rauninsu ɗaya ne, kuma babba ne: lamba ce tsura, ba ta da lokaci. Kuskure dubu uku a na'urar da ta shekara biyu ba a kashe ta ba ba komai ba ne, dubu uku cikin awa guda bala'i ne. A NCP ma, ma'aunin daƙiƙoƙin da suka wuce tun sharewar ƙarshe yana tsayawa a >65534, awa 18 da 'yan mintoci ke nan, daga nan ba ya gaba. Saboda haka ƙa'idar ita ce a share, a rubuta lokaci, a ɗora wa layin kaya, a sake karantawa. Bambancin karatu biyu ne ke magana. DECnet yana da wata dabara da ke haɗa hanyoyin biyu: in ka sa COUNTER TIMER a kan da'ira ko layi, zai riƙa zuba ƙididdigar a cikin rajista a matsayin aukuwa 0.8 duk bayan tazarar da ka zaɓa. Ga wanda ke da VMS, wannan shi ne abu mafi araha da mafi amfani a duk abin da na ambata.

SNMP ita ce ƙididdigar nan dai, sai dai na'ura ce ke zagayen karantawa maimakon mutum, tana zana maka jadawali. Tun 1988 take. Ana tambaya ta ƙofar UDP 161, saƙon ankararwa yana zuwa ta 162. Ga bin ɗingishi na makonni ba ta da na biyu. Amma shawarata ita ce kada a tambayi tsohuwar kwamfutar, a tambayi ƙofar suwic da take maƙale. Tsofaffin na'urori galibi sigar farko kawai suka sani, wadda kalmar sirrinta ke yawo a fili, kuma buɗe sabuwar hidima a kan na'urar da aka daina yi wa gyaran tsaro neman magana ne. A san kuma cewa zagayen minti biyar, wanda MRTG, manhajar zana jadawali, da ire-irensa suka saba da shi, yana tsallake gajeriyar yankewa, sannan ma'aunin bayit mai bit 32 yana cika ya koma sifiri cikin minti 5.7 a layin megabit 100 da ke cike, minti 57 a na megabit 10. Jadawalin da ya yi wani tsalle marar ma'ana, sau da yawa wannan ne.

Tura rajista waje

Rajistar cikin na'ura ɓangare ɗaya take ji. Kowane layi kuwa kai biyu gare shi, kuma sau da yawa ɗayan kan ne ya san dalili. Dubi yadda DECnet Phase IV ke yi da adireshin kati. Na'ura tana tashi da adireshin da aka ƙera katin da shi, amma da DECnet ya fara aiki sai ya sauya shi zuwa wanda ya fara da AA-00-04-00, ya cike sauran daga lambar na'urar. Na'ura mai lamba 1.5, misali, takan zama AA-00-04-00-05-04. Suwic na zamani da aka saita ya karɓi adireshi ɗaya kacal a kowace ƙofa, da ya ga na biyu sai ya rufe ƙofar. A rajistar VMS abin da za ka gani shi ne an rasa maƙwabci, shi ke nan. A rajistar suwic kuwa ga shi ɓaro-ɓaro: an keta tsaron ƙofa, an kulle ta, ga adireshin da ya jawo. Haka nan idan na'urori biyu suka ɗauki lambar DECnet ɗaya, adireshin katinsu ma ɗaya zai zama, kuma suwic ne zai ce yana ganin adireshi guda yana tsalle tsakanin ƙofofi biyu. Tsofaffin Sun ma suna da irin wannan hali: duk katunan na'ura ɗaya adireshi ɗaya suke amfani da shi, sai an kunna local-mac-address? a manhajar tashi.

Ga wani kuma. Ƙofar suwic mai tsohon tsarin Spanning Tree, in layi ya ƙyafta ya dawo, sai ta yi daƙiƙa 30 tana saurare da koyo kafin ta fara wuce da komai. Ƙyaftawar daƙiƙa biyu ta zama shirun daƙiƙa 32, wanda yana iya tsallake iyakar daƙiƙa 45 ta gaisuwa idan ya faɗo a mummunan lokaci. Sai ka ajiye rajistocin biyu kafaɗa da kafaɗa kafin ka gane cewa waya ce mai sako-sako, suwic ya ƙara mata gishiri.

Wannan ne ainihin amfanin syslog, tsarin tura rajista zuwa saba: tara bakuna da yawa wuri ɗaya. Eric Allman ne ya rubuta shi a shekarun 1980 domin Sendmail, ya bazu ba tare da rubutacciyar ƙa'ida ba har 2001 da takardar RFC 3164 ta bayyana yadda ake yi, sannan RFC 5424 ta sabunta shi a 2009. Kusan kowace Unix da kowane suwic suna jin yarensa. VMS da tsohuwar Windows sai an ƙara musu wata manhaja ko ɗan rubutun da zai riƙa turawa, kodayake DECnet yana da nasa tsarin na SINK NODE da ke aika aukuwa zuwa wata na'urar DECnet.

Amma akwai aibi uku da mai zaɓe ya kamata ya sani. Na farko, tsohon syslog ta UDP 514 yake tafiya, ba a amsa an karɓa. Saƙon da ke cewa layi ya faɗi, in ta wannan layin zai bi, ba zai taɓa isa ba. Abin da za ka gani a saba shi ne "layi ya dawo" ba tare da "layi ya faɗi" ba. Ankararwar linkDown ta SNMP ma wannan ƙaddarar ce ke kanta. Don haka turawa waje ƙari ne a kan rajistar cikin na'ura, ba madadinta ba, kuma in da hali a sa saba a inda saƙon suwic zai kai gare ta ba ta layin da ake zargi ba. Na biyu, hatimin lokaci na tsohon tsarin ba shi da shekara, ba shi da shiyyar lokaci, kuma a daƙiƙa ya tsaya. Na uku, agogo. Tsohuwar na'ura batirin agogonta ya daɗe da gajiya. A wasu Sun ma, guntun da ke riƙe agogo shi ne ke riƙe adireshin kati, in batirinsa ya mutu duka biyun ke tafiya. Rajistoci biyu da agogonsu ya saɓa da minti huɗu za su sa ka ɗora wa sakamako laifin sanadi. Ko a sa NTP mai daidaita agogo, ko aƙalla a sa sabar syslog ta buga nata lokacin karɓa a kan kowane saƙo, a yi aiki da shi. A suwic ɗin Cisco a kunna service timestamps log datetime msec, in ba haka ba wasu za su ba ka tsawon lokacin da suka yi a kunne maimakon ƙarfe nawa.

Kamun fakiti

Wannan ce hanyar da matasan injiniyoyi suka fi rugawa gare ta, kuma na fahimci dalili: gani ya kori ji. Tcpdump ya fito daga ɗakin bincike na Lawrence Berkeley a 1988, Wireshark kuma ya fara da sunan Ethereal a hannun Gerald Combs a 1998, ya sauya suna a 2006. Solaris na da snoop, AIX na da iptrace, HP-UX na da nettl. Babbar falalarta ga tsohuwar na'ura ita ce ba sai an taɓa ta ba: a buɗe ƙofar madubi a suwic, wadda ke kwafo duk abin da ke bin wata ƙofar, a sa wata kwamfuta ta saurara.

Akwai tambayoyin da ita kaɗai ke amsawa. Gaisuwar tana fita ba ta isa ba ne, ko ba ta ma fita? Tace da ether proto 0x6003 a gefe biyu na hanyar, za ka sani nan take. DECnet da LAT, ƙa'idar DEC ta haɗa allon masu aiki, mai lamba 0x6004, ba a cikin IP suke tafiya ba, kuma LAT ba ya ma tsallake rauta. Duk wata sabuwar gada, ko rabon suwic gida-gida da ake kira VLAN, ko katangar tsaro da aka saita da tunanin IP kaɗai ke duniya, tana iya haɗiye su shiru, ba ta rubuta komai ba. Haka ma idan ƙananan fakiti suna wucewa manya suna ɓacewa, ko ana so a san wa ya fara katse zance tsakanin na'urori biyu.

Sai dai makanta gare ta daidai inda mutane ba su zata ba. Fakitin da CRC ɗinsa ya lalace, katin sadarwa yana zubar da shi kafin manhaja ta gani, kuma ƙofar madubi ma galibi ba ta kwafo shi. Ke nan a matsalar bi-da-bi da na kawo a sama, Wireshark zai nuna maka sake aikawa da jinkiri, ba zai nuna maka dalili ba. Ba ta jin layin siriyal sam, wannan sai na'urar sauraron layi ta musamman. Matsalar da ke zuwa sau ɗaya a mako kuma tana buƙatar kamun mako guda, wato tarin fayiloli da ba wanda zai iya karantawa sai ya san minti nawa zai duba. Ana rage nauyin da zaɓin -C da -W na tcpdump, sabon fayil ya riƙa danne mafi tsufa, amma har yanzu rajista ce za ta ba ka lokacin. Kuma tsofaffin ƙa'idoji irin su Telnet da FTP suna aika kalmar sirri a fili. Fayil ɗin kamu na irin wannan layin ya cancanci kulle, kuma a nemi izini a rubuce kafin a fara.

To wanne za a ɗauka?

Idan ƙorafin shi ne yankewa da dawowa, musamman a lokacin da ba kowa a wurin, rajistar cikin na'ura da ta suwic su ne zaɓi, a daidaita agogonsu, a faɗaɗa wurin ajiya, a rage surutu. Idan ƙorafin jinkiri ne kuma rajista ba ta ce komai ba, kada a ɓata kwanaki ana ƙara mata matakin bayani, a tafi ƙididdiga kai tsaye, ta kai biyu na layin, musamman in an taɓa suwic ko waya kwanan nan. Gwajin LOOP NODE ko LOOP CIRCUIT a NCP, ko ping, yana taimakawa a tsakani, amma a ba shi COUNT mai yawa da LENGTH mai girma, domin ƙaramin gwaji layi mai ɗingishi ma yana cin sa. Idan na'urorin sun wuce uku ko huɗu, ko suna gine-gine daban-daban, sabar syslog ta cancanci wahalar girkawa, SNMP kuma ta biyo baya a kan suwic. Ga na'ura ɗaya tilo da suwic ɗaya, rubutun da zai riƙa adana ƙididdiga a fayil duk minti goma ya wadatar.

Kamun fakiti sai an riga an san layi, an san lokaci, an kuma tsara tambaya guda da ake so ya amsa. Wuri ɗaya ne zan sa shi a gaba da komai: lokacin da za a sauya suwic ko a raba layi, kuma waɗanda suka girka tsarin duk sun bar aiki, babu takardar da ta nuna wa ke magana da wa. A nan a saurari ƙofar na'urar na tsawon zagayen aiki cikakke, har da ayyukan dare da na ƙarshen wata, a fitar da jerin adireshi da ire-iren ƙa'idojin da aka gani, a share ƙididdiga a rubuta karatunta na ranar da komai ke lafiya, sannan a cire waya ta farko.